Hula Ta Yi Yawa, Takalmi Ya Yi Kaɗan

Ku gyara zama, 'yan gardama, yau da ku nake. Na san inda kuke: majalisar bayan la'asar a Kazaure, gindin darbejiya a Roni, teburin mai shayi a Gwiwa. Ku kuma mutanen Babura kada ku fara zame jiki kuna cewa ku na masarautar Ringim ne, zancen Kazaurawa bai shafe ku ba. Ciwon da zan yi magana a kansa bai san iyakar masarauta ba, bai ma san ta ƙasa ba, saboda haka ku yafito 'yan'uwa na tsallaken iyaka su ma su matso.

Ba zan yi muku kwana-kwana ba. Mai ciwon zuciya yana iya ƙarewa a tsaye, naman jikinsa yana zaizayewa wata da watanni, sikeli kuwa yana ta rantsuwa ko kilo ɗaya bai ragu ba. Wani lokaci ma ya ce ya ƙaru. Ku kuma ku zo dubiya ku ce, "Ma sha Allah, Alhaji, jiki ya yi kyau, har ka fara murmurewa."

Na ji ka, Malam mai carbi. "Ina ruwan zuciya da rama? Zuciya ai bugawa take yi, mutum ya yanke jiki ya faɗi, shi ke nan." Wannan ta finafinan Kano ce, inda ake gaya wa attajiri kayansa sun nutse a teku ya dafe ƙirji. Akwai ta, amma ba ita ta cika gadajen asibitocinmu ba. Wadda ta cika su ita ce wadda ake dawowa gida ana cewa "likita ya ce zuciyarsa ta kumbura". Ba tsayawa ta yi ba, tana nan tana bugawa dare da rana, ƙarfin tura jini ne ya gaza mata. Jinin da ya kamata ya wuce sai ya yi cunkoso a baya, ruwa ya tsattsafo ya taru a huhu da ciki da ƙafafu. Mutum ya riƙa haki daga ɗaki zuwa zaure, dare ya yi ya kasa miƙewa a shimfiɗa sai ya tara matasan kai ya jingina. A 2012 an wallafa wani bincike kan irin waɗannan marasa lafiya 1,006 a ƙasashen Afirka tara, da hannun Farfesa Mahmoud Sani na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a ciki. Kusan rabinsu hawan jini ne ya kai su ga haka, kuma matsakaicin shekarunsu 52. Ka ji fa, 52. A majalisarku mai waɗannan shekarun ai shi ake aika ya sayo goro.

To ina ramar take ɓuya? A ƙarƙashin ruwan. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce cif. In tsoka da kitse na kilo biyar suka tafi, ruwa lita biyar ya zo ya zauna a ciki da ƙafa, sikeli zai nuna maka abin da ya nuna bara. Bai yi ƙarya ba, abin da aka ɗora masa ya auna, ba ruwansa da ko nama ne ko ruwa.

Abin da yake ɗaure mini kai da ku shi ne, duk cikinku babu wanda za a yi wa wannan wayon a kara. Ana gobe layya mai rago ya dama masa dusa da kanwa da gishiri, ya ɗirki ruwa cikinsa ya yi tim, a kawo muku. Sai ku yi murmushi, ku sa hannu ku danna gadon bayansa, ku matsa ƙirji, ku ce wa dillali ya kai wa baƙo, mu 'yan gari ne. Ba ku taɓa kallon cikin rago kun biya kuɗi ba. Amma mahaifinku, wanda ya fi muku garke guda, ciki da ƙafa kawai kuke kallo ku yanke hukunci.

Ku taɓa shi mana. Ku kama dantsensa a ƙarƙashin babbar rigar nan da take rufa wa kowa asiri. Ku dubi kafaɗa, ku ga ko ƙasusuwan wuya sun fito. Ku dubi gefen goshi, ko ya faɗa. Hular da ya shekara goma yana sawa ta fara zamowa har kunne, agogo yana yawo a hannu, zoben azurfa ya koma babban yatsa, amma takalmi ya ƙi shiga sai an take bayansa. Sama tana raguwa, ƙasa tana cika. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to a wannan ciwon fuskar ma wani lokaci tana taya ɓoyewa, dantse ne ba ya iya munafunci, domin ruwa bai cika taruwa a can ba. Kun san zaren nan mai ja da ɗorawa da kore da ake ɗaura wa yara a hannu a wajen awon tamowa. Ɗaya daga cikin dalilan ke nan. Babba kuwa tef ɗin tela ya ishe shi: a auna tsakiyar dantse, hannu ɗaya, wuri ɗaya, sau ɗaya a wata, a rubuta a bayan katin asibiti.

Ga wani can ya taɓe baki. "To ya rame ɗin, sai me? Mara lafiya ai dole ya rame." Sai me? Bari in ba ka lissafi, tunda kai ba ka yarda da magana sai da lamba. A 1997 wani likita mai suna Stefan Anker da abokan aikinsa a Landan suka bi diddigin masu gazawar zuciya 171. Daga ciki 28 sun zubar da fiye da kashi 7.5 cikin ɗari na nauyinsu. Cikin wata 18 rabin waɗannan 28 sun riga mu gidan gaskiya, kuma ramar da kanta ce ta nuna haɗarin, ko da an ajiye shekarun mutum da ƙarfin bugun zuciyarsa a gefe. Daga baya, a 2008, masana suka sauko da ma'aunin zuwa kashi 5 cikin ɗari a shekara guda, in ya haɗu da raunin jiki da gajiya da rashin cin abinci. Kashi 5 na mai kilo 60 kilo uku ne kacal. Abin da ba ya ko sa a sake ɗinkin wando.

"Binciken Turawa ne, jikinsu ba irin namu ba ne." Na san za a zo nan, kullum sai an zo. Gaskiya ne ba irin namu ba ne: su suna shiga ciwon da tsoka da kitse na ajiya, da likitan zuciya a unguwa. Namu yana shigarsa bayan shekara talatin yana huɗa da garma, da jikin da ba shi da rarar da za a ci. Wani binciken da ya fito a 2017, wanda ya haɗa nahiyoyi da dama har da Najeriya, ya nuna kashi 34 cikin ɗari na masu gazawar zuciya a Afirka sun rasu cikin shekara guda, kuma babu yankin da ya kai haka. In da bambanci tsakanin jikinmu da nasu a wannan magana, ba mu ya yi wa daɗi ba, Malam.

Yanzu ga inda nake so mata su matso, domin nan ne ake zaluntarsu. Alhaji ya fara ramewa, 'yan'uwansa suka taru, hukunci ya fito kafin a zauna: "Ba ta ba shi abinci." In mata biyu ne, to amarya ta yi masa asiri. In ya taɓa rigimar gona da wani, sammu ne. In babu ko ɗaya, akwai wata tsohuwa a bayan layi da idonta bai kwanta wa mutane ba. Kowa ya sami rabonsa na zargi, ban da zuciyar da take aikin.

Baiwar Allah kuwa tana nan tana girki, tana kai akushi, yana dawowa an yi loma uku. Ba raini ba ne. Cunkoson jinin nan da ya kumbura ƙafa shi ne ya kumbura hanta, ta danne tumbi, loma uku ta cika shi. Shi ne ya jiƙa bangon hanji ya yi kauri, har abin da ya samu ya shiga ɗin ma ba duka jiki yake tsotsa ba. Ta wannan jiƙaƙƙen bango dafin ƙwayoyin cutar da ke cikin hanji yake tsallakawa jini, jiki ya tayar da sinadaran faɗa da cuta, su kuwa suna kashe sha'awar abinci suna narkar da tsoka. Tun 1990 aka gano ɗaya daga cikinsu ya yi yawa a jinin masu gazawar zuciya da suka rame. Ga kuma sinadaran gaggawa irin su adirenalin da jiki yake ta zubowa don ya zaburar da zuciyar, su ma ƙona ajiya suke yi ko mutum yana kwance. Numfashin da yake yi da ƙyar shi ma aiki ne, yana cin ƙarfi. Shiga ta ragu, fita ta ƙaru. Ku gaya mini inda laifin uwargida yake a nan.

Addu'a kuwa ba wanda ya hana, a yi ta safe da yamma, a kuma hau mota. Babban asibitin Kazaure yana nan, na Babura yana nan, in sun ga abin ya fi ƙarfin kayan aikinsu hanyar Dambatta a buɗe take zuwa Kano, inda za a yi hoton zuciya a ga yadda take matsawa. Kuma in ba ku haƙƙinku, masu gardama: ba kowace rama ce ta zuciya ba. Tarin fuka yana ramarwa, har yana iya tara ruwa a jakar zuciya ya rikita lissafi. Ciwon sukari, ƙanjamau, ciwon daji, duk suna ramarwa. Likitan kirki sai ya kore waɗannan kafin ya ɗora wa zuciya. Amma da gwaji ake korewa, ba da ƙuri'ar majalisa ba.

Sai kuma gwanin gida, wanda ya taɓa zama a shagon kemis na wata shida ya zama likitan dangi. Shi ne zai ce, "Ku bar ni da shi, akwai sha-ka-fashe." Allah ya shirye ka, ɗan'uwa. Mafi yawan abin da ake sayarwa da wannan suna ƙwayar dexamethasone ce, ko ita da wani maganin da ke buɗe ciki. Sati biyu kumatu sun ciko, dangi suna ta sa maka albarka. Abin da ba ka gaya musu ba, domin kai ma ba ka sani ba, shi ne wannan ƙwayar tana tara kitse a fuska da ciki, tana riƙe ruwa, tana ɗaga hawan jini da sukari, sannan tana cinye tsokar cinya da ta kafaɗa. Wato ainihin abin da ciwon yake yi, ka sayo masa mataimaki da kuɗinka. In ya ce gaɓoɓi suna ciwo ka ƙara masa da diclofenac ko ibuprofen, su kuma su hana ƙoda fitar da ruwa da gishiri. Ka gama da shi, kana jiran godiya.

Maganin da ya kamata a dage a kai kuwa shi ake fara yarwa. "Wannan na fitsarin shi yake tsotse shi, tun da ya fara sha ya zube." Ba zubewa ya yi ba, bayyana ya yi. Lasix, wato maganin fitsarin, ya janye ruwan, abin da ya rage shi ne mutumin da kuke da shi tun watannin baya ba ku sani ba. In hanji ya sace, sau da yawa cin abinci ma dawowa yake yi. Su kuma ƙwayoyin da suke sassauta wa zuciya aiki, an ga suna rage ramar: a 2003 da aka sake duba wani babban gwaji na enalapril, an tarar masu shansa haɗarin zubewar nauyinsu ya ragu da kashi 19 cikin ɗari, kuma masu shan carvedilol a wani gwajin har ɗan nauyi suka ƙara. Ɗaya ne zan ce a sa wa ido: digoxin. In mutum ya rame, ko ƙodarsa ta yi rauni, wannan ƙwayar tana iya yi masa yawa, alamarta kuwa tashin zuciya da ƙin abinci. A koma wa likita a gaya masa, kada a yanke da kai.

Gwaggo, na ga kin yi shiru, kina jiran in zo kan jego ki tashi da ni. To na zo. Ƙasarmu ta yi suna a littattafan likitocin duniya kan gazawar zuciya bayan haihuwa. Tun shekarun 1970 likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, suka rubuta a kai, suka ɗora zargi kan kunun kanwa da wankan jego da gashin jiki a gadon ƙasa mai wuta. A Sakkwato a 2007 aka lissafa mace ɗaya cikin haihuwa 102. A 2020 wani bincike na ƙasa baki ɗaya ƙarƙashin Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya sami ɗaya cikin 96 a yankinmu. Ga inda za ki yi guɗa: wannan binciken bai sami hujjar cewa wankan ruwan zafi ko kunun kanwa ne suke haddasa ciwon ba. Kin ci wannan zagayen, a ba ki goronki. Amma tsaya ki ji abin da ya samu: hawan jinin ciki, rashin karatu, rashin sana'a, da kuma rashin nauyin jiki. Yarinyar da ta shiga ciki a rame ita ce a bakin rami. Kuma in zuciyar ta riga ta yi rauni, kanwa gishiri ce a wajen ƙoda, ruwa take riƙewa, ko ungurnu ce ko wace iri. Saboda haka mai jegon da take haki in ta ɗauki jariri, ƙafa a kumbure, wuya ya zama sanda, kada ki ce mini "shayarwa ce, duk haka muka yi". Ba duk haka kuka yi ba. Waɗanda suka yi hakan da yawansu ba sa nan balle su ba da labari.

Akwai wata ƙauna tamu da take kisa a hankali, ita ce "kwanta ka huta". Daga ranar da aka ce zuciya ce, an kafa wa Baba dokar ta-ɓaci. Buta a miƙo masa, masallacin ƙofar gida an hana shi, ko tsakar gida ya taka sai a yi ca. Likitoci ma da haka suke cewa, sun daina. Tsokar da ba a mora tafiya take yi, ta tsoho kuwa da sauri, kuma in ta tafi ƙaramin motsi ma sai ya sa haki, hakin ya sa a ƙara kwanciya. A Balin ta Jamus a 2013 an auna masu gazawar zuciya 200, kusan ɗaya cikin biyar tsokarsa ta zube, kuma su ne damƙarsu ta fi rauni, tafiyarsu ta fi gajarta. A Amurka da wasu ƙasashe an gwada motsa jiki a kan mutum 2,331, aka wallafa a 2009 cewa ba shi da haɗari ga wanda ciwonsa ya lafa. Ku lura, wanda ya lafa. Ba wanda ruwa ya cika wa huhu yake zaune yana kokawa da numfashi ba, shi gadon asibiti ne nasa. Kuma ban ce a tura Baba ya hau duwatsun Roni ba. Daga ɗaki zuwa zaure, gobe zuwa masallaci, wani satin zuwa bakin layi, da sanyin safiya ko bayan la'asar, gwargwadon yadda zai iya magana yana tafe. Ƙirji ya yi ciwo ko jiri ya zo, a tsaya.

Abinci kuma, a daina jibga masa malmala uku a ce sai ya cinye. Kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida a yini, kuma kowace loma ta zama mai amfani, tunda wurin ya yi ƙaranci. Koko tsararo cika ciki ne kawai. A sa masa gyaɗa, a ba shi kindirmo, ƙwai, alala, wake, awara, riɗi, zogale da ƙuli, kifin dam ɗin Kazaure in an samu, ɗanye ba mai gishiri ba. Duk a kasuwar ƙauye ake samunsu. In likita ya ce ƙoda ta taɓu, to shi zai faɗi iyaka. Gishiri kuwa nan ma masu gardama kuna da ɗan gaskiya, kuma ba na jin kunyar ba ku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda yake ɓoye a dunƙule da yajin tsire da kanwar ɗanwake. Wannan a kiyaye. Amma miyar da aka tsame wa komai ta zama lami, mai ramar da ma ba ya son ci ya ture ta, ba a ci riba ba. Wani gwaji na mutum 806 da ya fito a 2022 bai nuna tsananta ƙin gishiri ya rage mutuwa ko kwanciya asibiti ba. A rage, a cika da daddawa da citta da tafarnuwa da albasa da lemon tsami, ya ci.

"To ina allurar da za a yi masa naman ya dawo?" Babu. Har yau babu wani magani da aka amince da shi musamman don wannan ramar, kuma duk wanda ya zo da lasifika ranar kasuwa ya ce yana da shi, kuɗinka yake so. Abin da ake da shi shi ne a gyara zuciyar, a janye ruwan, a duba jini domin kusan rabin masu wannan ciwo sinadarin ƙarfe ya yi musu ƙaranci, a ci, a taka. Tsayar da zubewar ya fi dawo da abin da ya zube sauƙi nesa ba kusa ba, shi ya sa nake ta damunku da tef ɗin tela. Sikelin ma ban ce a jefar ba, aikinsa daban ne: in ya nuna ƙarin kilo biyu cikin kwana uku, ba tuwo ba ne, ruwa ne, a tafi asibiti.

Kai kuma mai tumbi da kake ta ƙyaƙyata dariya a can baya kana shafa shi, kana cewa wannan zance na ramammu ne, kada ka yi saurin tashi. Tsoka tana iya zubewa a ƙarƙashin kitse ba wanda ya gani, kuma rabonka da awon hawan jini tun ranar da aka yi maka na tafiya Makka. Akwai gwajin da likitocin tsofaffi suke yi, ba ya cin ko sisi: mutum ya zauna a kujera, ya rungume hannu a ƙirji, ya tashi ya zauna sau biyar ba dafawa. In ya wuce daƙiƙa 15, ƙafafun suna da magana. Ga benci nan, yaron nan mai waya zai riƙe mana lokaci. A'a, Alhaji, ajiye sandar, kuma ba a ce "ya Allahu" a dafa gwiwa ba. Me? Yanzu ka tuna ana jiran ka a gida?